Brawn BGP 001: Tambayoyi da Amsoshi kan Motar da Ta Yi Kaka Ɗaya Ta Kwashe Kofi Biyu

Duk inda masu kallon tseren Formula 1 suka zauna hirar motocin da suka bar tarihi, da wuya a tashi ba a ambaci wata farar mota mai ratsin ruwan ɗorawa ba, wadda ta fito a 2009. Labarinta ya sha gishiri a bakin mutane, har wasu na ba da shi kamar tatsuniya: wai talakawa sun sayi ƙungiya fam ɗaya, suka yi wata dabara a ƙarƙashin mota, suka kunyata Ferrari da McLaren. Akwai gaskiya a ciki, amma an bar rabin zancen a baya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wace mota ce BGP 001?

Motar ƙungiyar Brawn GP ce, wadda ke da mazauni a garin Brackley na ƙasar Ingila. Ita kaɗai ce motar da ƙungiyar ta taɓa fitarwa, domin ƙungiyar ma kanta kaka ɗaya ta yi a duniya. A tsere 17 na shekarar 2009 ta ci 8, ta ba Jenson Button kambun direbobi, ta kuma ba ƙungiyar kambun masu ƙera motoci. A tarihin Formula 1 babu wata ƙungiya da ta shigo, ta ɗauki kofunan biyu a shekararta ta farko, sannan sunanta ya ɓace, sai ita.

Idan sabuwar ƙungiya ce, a ina ta samu ƙwarewar ƙera mota irin wannan?

Sunan ne sabo, gidan tsoho ne. Asalinsa ƙungiyar Tyrrell ce, wadda aka saya aka mayar da ita BAR a 1999, daga baya kamfanin Honda ya mallake ta ya sa mata sunansa a 2006. Shekarun 2007 da 2008 sun yi wa Honda muni ƙwarai: maki 6 a ta farko, 14 a ta biyu. A ƙarshen 2007 suka ɗauko Ross Brawn, mutumin da ya jagoranci sashen fasaha a Benetton lokacin da Michael Schumacher ya ci kambunsa biyu na farko, sannan ya yi shekara goma a Ferrari ana kwasar kofuna.

Da Brawn ya dubi motar 2008, sai ya ga ba ta gyaruwa. Ya kuma san dokokin ƙira za su canza gaba ɗaya a 2009. Sai ya yanke shawarar a bar ta 2008 ta ƙarasa kakarta yadda Allah ya so, a tattara injiniyoyi da kuɗi da ɗakunan gwajin iska, na Ingila da na Japan, a kan motar baɗi. A daidai wannan lokaci Ferrari da McLaren suna can suna kokawar kambun 2008, wadda ba ta ƙare ba sai a kwanar ƙarshe ta tseren ƙarshe a Burazil, inda Lewis Hamilton ya ƙwace wa Felipe Massa da maki ɗaya. Sa'ad da suka waiwayo kan motar 2009 suna ganin sun yi sammako, ashe Honda a tafe ta kwana.

Motar da aka ƙera ɗin nan RA109 za a kira ta. Ba ta taɓa shiga fili da wannan suna ba.

Me ya sa Honda ta tafi ta bar ta?

Karyewar tattalin arzikin duniya. Cinikin motoci ya faɗi, musamman a Amurka inda Honda ke da babbar kasuwa, shugabanninta a Tokyo kuma suka ga babu hujjar ci gaba da zuba kuɗi a wasan da suke zuwa na tara. Ranar 5 ga Disamba 2008 suka sanar da ficewa. Ma'aikata wajen 700 a Brackley suka shiga hunturu ba su san ko suna da aiki ba, duk da haka suka ci gaba da haɗa motar, babu tabbacin za ta taɓa taka kwalta.

Da gaske ne fam ɗaya aka sayi ƙungiyar?

Gaskiya ne, amma kada a tsaya a nan. An nemi mai saye daga waje ba a daidaita da kowa ba. Rufe masana'antar kuma zai ci wa Honda kuɗi masu yawa wajen biyan haƙƙin ma'aikata da warware kwangiloli, ga zubar da mutunci. Don haka ta miƙa wa Ross Brawn da Nick Fry da sauran manyan ƙungiyar a kan fam ɗaya, ta kuma bar musu kuɗin da za su gudanar da kakar. An sanar da hakan ranar 6 ga Maris 2009, saura mako uku da 'yan kwanaki a fara tsere.

Saboda haka mai cewa motar talakawa ce bai faɗi daidai ba. Da dukiyar ɗaya daga cikin manyan kamfanonin mota na duniya aka ƙera ta, da lokacin da babu wanda ya samu irinsa. Talaucin ya zo ne bayan an gama ƙera ta, lokacin da ake buƙatar kuɗin inganta ta daga tsere zuwa tsere. Duk abin da ya faru a kakar, daɗinsa da ɗacinsa, daga wannan ya taso.

Talaucin kuwa ba na wasa ba ne. Kwana ɗaya ko biyu da cin tseren farko aka tabbatar za a sallami ma'aikata kimanin 270. Wasu da hannunsu suka haɗa motar da ta ci wannan tsere a Melbourne ta Ostireliya, a gida suka kalli sauran kakar. Akwai wani labari da mutanen ƙungiyar suka sha bayarwa: ƙwararren mai zuba musu mai a lokacin tsere ya karɓi sallama ya koma sana'ar gyaran famfo, da aka ga yadda aka ɓata daƙiƙoƙi wajen shan mai a Ostireliya, sai aka lallaɓo shi yana zuwa ƙarshen mako kawai, ranar Litinin ya koma kan famfunansa.

Injin wa ke cikinta, tunda Honda ta tafi da nata?

Na Mercedes-Benz: silinda 8, lita 2.4, wanda doka ta ƙayyade masa juyi 18,000 a minti. Mercedes tana ba McLaren da Force India inji a lokacin, sai da McLaren ta amince kafin a ƙara da Brawn, amincewar da ta zo ta yi mata tsada. Matsalar ita ce an auna gangar jikin motar da akwatin giyarta ne a kan injin Honda. Dole aka yi yanke-yanke da ƙare-ƙare a bayan motar cikin 'yan makonni kafin sabon injin ya zauna, aikin da a ƙa'ida watanni yake ci. Duk da wannan kwaskwarima, cinikin ya yi riba, domin injin Mercedes na cikin mafiya ƙarfi da juriya a shekarar, ya kuma fi na Honda nesa ba kusa ba. Da inji guda ɗaya Button ya ci Baharain da Sifaniya da Monako a jere.

Abin da motar ba ta da shi shi ne KERS, na'urar da aka shigo da ita a shekarar, mai tara ƙarfin da ke fita lokacin taka burki ta mayar wa direba kamar ƙarfin doki 80 na tsawon daƙiƙa shida da 'yan kai a kowane zagaye. Ferrari da McLaren da Renault da BMW sun kashe kuɗi a kanta. Tana taimako a tashin farko da kan miƙaƙƙiyar hanya, amma nauyinta ya haura kilo 20, tana kuma hana a rarraba nauyin mota yadda ake so. Brawn da Red Bull, waɗanda suka zo na ɗaya da na biyu, dukansu babu wadda ta yi tsere da ita.

Su waye suka tuƙa ta?

Jenson Button ɗan Ingila, mai lamba 22, da Rubens Barrichello ɗan Burazil, mai lamba 23. Button tun 2000 yake Formula 1, amma tsere ɗaya tak ya taɓa ci, a Hungari a 2006, a 2008 kuwa maki 3 ya tashi da su. Barrichello tun 1993 yake ciki, ya yi shekara shida a Ferrari yana yi wa Schumacher rakiya, mutane da dama sun riga sun yi masa sallama. An yi ta raɗe-raɗin Bruno Senna, wani matashin direba ɗan Burazil, ne zai karɓi kujerarsa. Brawn ya zaɓi tsohon abokin aikinsa, saboda an hana gwaji a tsakiyar kaka a shekarar, wanda kuma ya san yadda ake saita mota a atisayen ranar Juma'a guda kafin tsere ya fi sabon shiga amfani. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mene ne wannan difiyuza mai bene da ake ta magana?

Sai an fara fahimtar abin da ke riƙe motar tsere a kwana. Nauyinta kaɗan ne, kilo 605 har da direba a dokar 2009. Abin da ke danne ta a ƙasa iska ce. Fikafikan gaba da baya suna yin wani ɓangare na aikin, ƙasan motar yana yin sauran. Iskar da ta shiga ƙarƙashi tana matsewa ta yi gudu, matsinta ya ragu, sai motar ta tsotsu zuwa kwalta. A can baya, tsakanin tayoyi, ƙasan motar yana ɗagawa sama kamar bakin kakaki domin iskar ta samu wurin buɗewa ta fita. Wannan mafita ita ce difiyuza. Gwargwadon girmanta, gwargwadon yawan iskar da take jawowa ta ƙarƙashi.

Hukumar FIA, mai tsara dokokin wasan, ta so ta rage wannan danni da kusan rabi a 2009 don motoci su riƙa iya bin juna kusa-kusa su wuce. Ta faɗaɗa fiffiken gaba ta saukar da shi, ta tsuke na baya ta ɗaga shi, ta share ƙananan fikafikan da suka cika jikin motocin 2008, ta dawo da tayoyi masu sulɓi marasa zane, ta kuma taƙaita tsayin difiyuza zuwa milimita 175.

Sai dai ƙasan motar ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Tsakiyarsa ta fi gefunansa sauka da milimita 50, kamar matakala. Doka ta hana huda waɗannan shimfiɗu biyu, amma yadda aka rubuta ta bai rufe batun ɗan bangon da ke tsaye tsakaninsu ba. Ta nan aka buɗe ƙofofi, iska ta bi ta hau wata hanya ta biyu a saman difiyuzar da doka ta sani, ta fita ta baya. Ka je da ma'auni ka auna ta ƙasa, za ka same ta daidai da doka; amma a aikace mafita biyu ce, ɗaya a kan ɗaya. Ross Brawn ya sha faɗin cewa wani matashin injiniyan Honda a Japan ne ya fara hango wannan kafa yayin da yake karanta dokar kalma bayan kalma.

To wannan ba maguɗi ba ne?

Ferrari da Renault da Red Bull haka suka ce, suka shigar da ƙara tun a Melbourne kafin a fara tsere. Alƙalan fili suka duba motocin suka ce babu laifi. Aka ɗaukaka ƙara zuwa kotun FIA a birnin Faris, aka yi zama ranar 14 ga Afrilu, washegari ta yanke cewa ƙirar halal ce.

A ganina hukuncin ya yi daidai, ko da yake masu ƙorafin ba su rasa hujja ba: ƙirar ta saɓa wa manufar dokar ƙarara. Amma a wannan wasa abin da aka rubuta ake bi, niyyar marubuci ba ta shiga ma'auni. Wani abin kuma, tun a 2008 Brawn ya faɗa wa takwarorinsa a taron injiniyoyin ƙungiyoyi cewa dokar tana da kafofi, ya ba da shawarar a toshe su, suka ƙi. Wanda ya nuna maka rami ka ce ba ka gani ba, in ka faɗa ba ka da bakin zarginsa. Daga baya kowa ya kwaikwaya, aka yi 2010 da ita, sannan aka haramta ta daga 2011.

Idan difiyuzar ce sirrin, me ya hana sauran masu ita cin tsere?

Wannan ita ce tambayar da ke rushe tatsuniyar. Toyota da Williams ma da difiyuza mai bene suka fara kakar, kuma babu wadda ta ci tsere ko ɗaya a cikinsu. Toyota ta kusa a Baharain, inda motocinta biyu suka tashi a sahun gaba, amma Button ne ya ci. BGP 001 ta fi su ne saboda komai nata ya dace da juna. Fiffikenta na gaba, musamman gefunansa da ke karkatar da iska ta kewaye tayoyin gaba ta waje, ya sha aiki fiye da na kowa, shi ne kuma ke gyara iskar da ke isa ƙasan motar tun farko. Ga inji mai kyau, ga rashin cin taya. Difiyuzar ta samu suna ne saboda ita aka kai kotu.

Yaushe aka gane cewa motar ta fi sauran?

A gwajin Basalona, mako na biyu na Maris. Sauran ƙungiyoyi sun yi makonni suna gwaji, Brawn ta zo a makare da mota fara fat babu tambarin kowa, bayan ɗan zagayen ɗumama jiki a filin Silverstone na Ingila. Cikin kwana uku Button ya fi kowa sauri da tazarar kusan daƙiƙa guda, washegari Barrichello ya sake zama na ɗaya. A Formula 1 daƙiƙa guda tazara ce mai girman gaske. Da yawa suka ce ai ɗan mai kaɗan suka zuba don motar ta yi sauƙi su ja hankalin masu talla. Injiniyoyin da suka zauna suka lissafa dogayen zagayen da motar ta yi, su ba su yi dariya ba.

Yaya farkon kakar ya kasance?

Ranar 29 ga Maris a Melbourne motocin biyu suka tashi a sahun gaba. Button ya wuce abinsa. Barrichello motarsa ta yi masa gardama a tashi, ya gogi wasu a kwanar farko ya lalata fiffike, amma saura zagaye uku Sebastian Vettel na Red Bull da Robert Kubica na BMW suka yi karo suna rigimar matsayi na biyu, sai ya tsinci kansa a bayan Button. Rabon da sabuwar ƙungiya ta zo ta ɗaya da ta biyu a tserenta na farko tun Mercedes a Faransa a 1954.

A Malesiya an sa tseren da ƙarfe biyar na yamma don masu kallo a Turai, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, duhu ya shigo, aka tsayar aka ƙirga zagaye 31 cikin 56. Button ya ci, amma rabin maki aka bayar. A Sin, cikin ruwa, Vettel da Mark Webber suka ba Red Bull nasararta ta farko a tarihi, Button ya zo na uku. Wannan gargaɗi ne, ko da yake ba kowa ya ji shi ba, domin daga nan Button ya jera huɗu: Baharain, Sifaniya, Monako, Turkiyya.

Na Monako ya fi zama a ran mutane. A can waɗanda suka zo na ɗaya zuwa na uku a kan layin tashi suke ajiye mota, gaban rumfar Yariman Monako. Button don murna ya manta, ya kai tasa inda sauran ke ajiyewa, sai ga shi a guje da ƙafa a kan kwalta, hular kwano a kai, yana ɗaga wa jama'a hannu, bayan ya gama zagaye 78 a titunan da suka fi ko'ina gajiyar da direba.

Bayan tsere bakwai yana da maki 61, Barrichello 35, Vettel 29. A lokacin maki 10 ake ba wanda ya ci.

Me ya faru bayan Turkiyya da Button bai sake cin tsere ba?

Abu uku ne suka haɗu. Na farko, masu kuɗi sun kamo. Motar Red Bull RB5, ƙirar injiniya Adrian Newey, tun asali mota ce mai kyau ko babu difiyuza mai bene, tsarin sifirin ɗinta na baya ne ya sa saka ta ya yi wuya. Sun saka a Monako, suka kawo babban gyara a Silverstone, a can Vettel ya yi wa kowa fintinkau. McLaren, wadda ta fara kakar da mota abin tausayi, ta gyara har Hamilton ya ci Hungari da Singafo. Brawn kuwa ba ta da kuɗin wannan tsere na biyu da ake yi a masana'anta.

Na biyu, halin motar na tausaya wa taya, wanda ya yi mata rana a zafin Baharain, ya zama ciwo a wurare masu sanyi. Tayar Bridgestone tana da zafin da sai ta kai shi take kama kwalta, motar kuma ta kasa kai ta can a Silverstone da Nürburgring ta Jamus. Na uku, salon tuƙin Button mai laushi ne, ba ya fizgar sitiyari, ba ya dukan burki, don haka tayarsa ta fi daɗewa ba ta ɗauki zafi ba. Barrichello da ke tuƙi da ƙarfi bai sha wahalar kamarsa ba. Ga kuma nauyin kambu da ya fara hawa kan Button, ya riƙa ɓata zagayen neman gurbin tashi na ranar Asabar, ya wuni Lahadi yana gyara ɓarnar.

Lissafin ya nuna komai. A tsere goma na ƙarshe Button ya samu maki 34, Barrichello 42, Vettel 55. Amma sau ɗaya kawai Button ya tashi babu maki, a Beljiyam, inda Romain Grosjean ya buge shi a zagayen farko. Na shida, na biyar, na bakwai, na takwas: haka ya riƙa tsintar maki ɗaya-ɗaya, abokan hamayyarsa kuma suna raba nasara a tsakaninsu, Red Bull na fama da lalacewar inji da kurakurai. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma ni a wurina wannan rabin na biyu ya fi nuna ko wane ne Button fiye da nasarori shida na farko.

An fifita Button a kan Barrichello ne?

Barrichello ya yi zargin haka sau biyu a fili. A Sifaniya ya wuce Button tun a tashi, dukansu da shirin tsayawa shan mai da sauya taya sau uku, sai aka mayar da Button sau biyu don kada ya maƙale a bayan wata mota, shi kuma ya ci. Barrichello, wanda bai manta yadda Ferrari ta sa shi ya ba Schumacher hanya a Ostiriya a 2002 ba, ya ce in ya tabbatar ana fifiko zai ajiye hular. A Jamus ma ya jagoranci tseren da farko ya ƙare na shida, bayan matsalar bututun mai, ya fito gaban kyamara ya ɗora wa ƙungiyar laifi.

Ban ga alamar makirci ba. Da ana danne shi da bai ci Valencia ta Sifaniya da Monza ta Italiya ba. A Monza ɗin ma shi ya tashi na biyar, Button na shida, dukansu da tanki cike don su tsaya sau ɗaya kawai, aka bar su suka fafata, ya riga abokinsa da 'yan daƙiƙoƙi. Ita ce nasara ta ƙarshe ta motar, ta ƙarshe kuma a rayuwar tseren Barrichello a Formula 1.

Mene ne alaƙar motar da haɗarin Felipe Massa?

Ranar 25 ga Yuli, a zagayen neman gurbi na Hungari, wani sifirin mai nauyin kusan giram 800 ya ɓalle daga bayan motar Barrichello yana tsalle a kan hanya. Massa na tafe a Ferrari a guje, ƙarfen ya same shi a hular kwano sama da idon hagu, ya suma, motar ta miƙe ta daki shingen tayoyi. Ƙashin kansa ya tsage, aka yi masa tiyata a Budapest, bai sake tsere ba a shekarar. Su biyun 'yan birni ɗaya ne, São Paulo, kuma aminan juna. Tsere na gaba shi ne Valencia, Barrichello ya shiga da saƙon fatan alheri ga Massa a rubuce a hularsa, ya kuma ci, karo na farko tun 2004.

Yaya aka yi kambun ya tabbata?

A filin Interlagos na Burazil, ranar 18 ga Oktoba, saura tsere ɗaya bayansa. Button na da maki 85, Barrichello 71, Vettel 69. Ranar Asabar ruwa ya hargitsa komai: Barrichello ya samu gurbin farko a gaban mutanen garinsu, Button ya zaɓi tayar da ba ta dace ba ya faɗa na 14. Ranar Lahadi sai aka ga wani Button daban. Haɗurran zagayen farko sun share masa wasu, sauran kuma da hannunsa ya wuce su, Grosjean da Kazuki Nakajima da Sébastien Buemi, har da Kamui Kobayashi, sabon yaron Toyota da ya yi ta tare masa hanya ba tsoro. Ya ƙare na biyar. Barrichello tayarsa ta yi faci bayan sun gogu da Hamilton, ya ƙare na takwas. Webber ne ya ci tseren, ko da yake kyamarori ba su damu da shi ba. Massa, wanda ya fara murmurewa, shi ya kaɗa tutar ƙarshe.

Wani abin mamaki: shekara guda kafin nan, a wannan fili, Hamilton ma da mota mai lamba 22 da injin Mercedes ya zo na biyar ya ɗauki kambu.

A taƙaice, me alƙaluman kakar suka nuna?

Nasara 8, shida na Button, biyu na Barrichello. Gurbin farko sau 5. Sau huɗu suna zuwa na ɗaya da na biyu: Ostireliya, Sifaniya, Monako, Italiya. Hawa dandamalin karɓar kofi sau 15. Brawn ta gama da maki 172, Red Bull 153.5, McLaren 71, Ferrari 70. A direbobi Button 95, Vettel 84, Barrichello 77. Sau biyu kacal motar ta kasa kai ƙarshen tsere, na Barrichello a Turkiyya da na Button a Beljiyam.

Me ya sa kusan babu talla a jikinta?

Honda ba ta dogara da masu talla ba a shekarunta na ƙarshe, don haka Brawn ba ta gaji kowa ba. Attajiri Richard Branson ya iso Melbourne aka manna sunan kamfaninsa Virgin ana gobe tsere. Wasu kuwa ciniki ne na tsere ɗaya-ɗaya: Canon a Singafo, kamfanonin Burazil a Interlagos. Rashin ne ya ba ta kamannin da ake tuna ta da su.

Ina ƙungiyar ta tafi, ina kuma motocin suke?

Ranar 16 ga Nuwamba 2009, mako biyu bayan tseren ƙarshe a Abu Dabi, aka sanar cewa Daimler, uwar kamfanin Mercedes, tare da kamfanin zuba jari Aabar na Abu Dabi sun sayi kashi 75.1 cikin ɗari, a kan kuɗin da rahotannin lokacin suka ce ya haura fam miliyan 100. Honda ta biya kuɗin ƙira, ta biya na kaka, sunan wani ya hau kofi, wani kuma ya gaji gidan: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Button ya koma McLaren, Barrichello ya tafi Williams, Schumacher da Nico Rosberg suka shiga kujerunsu. Motar 2010 ta zo ta huɗu ba ta ci tsere ko ɗaya ba, domin an ƙera ta ne a shekarar da babu kuɗi kuma babu mutane. Sai a 2014, bayan Ross Brawn ya bar ƙungiyar a ƙarshen 2013, wannan masana'anta ta Brackley ta fara jera kambun masu ƙera motoci har takwas, zuwa 2021.

Motocin kuwa guda uku kawai aka ƙera, alhali manyan ƙungiyoyi kan ƙera ninkin haka a kaka. Button da gangar jiki ɗaya, mai lambar ƙira 02, ya yi kakar tun daga Melbourne har Abu Dabi. Ita ce ke hannun Ross Brawn, an gyara ta tana tashi, akan kuma fito da ita a bukukuwan tsofaffin motoci a Ingila. Button kwangilarsa ta ce in ya ci kambu za a ba shi mota ɗaya daga cikinsu, amma sai da ya kai sababbin masu ƙungiyar ƙara kafin aka sasanta aka ba shi.